Kanumfarin Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Yaran yanzu in na faɗa musu haka sai su tambaye ni ko gaba muke yi. Babu gaba, kunya ce irin ta matan da. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye sai dole ta kama, dolen ma a taƙaice. Inna kuwa ta riƙe abin nan kamar a kanta aka fara shi. In tana so in ɗebo ruwa a famfo, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce wa wancan randa ta bushe," alhali ina tsaye a tsakaninsu, har sai na kauce kafin su ga juna. In ƙanwata ba ta nan, sai ta gaya wa randar. Akwai wani mai sayar da gawayi a layinmu da muke suna ɗaya, bawan Allah har ya tsufa Inna tana ce masa "Mai sunan wancan."

Ni kuma da wayon ɗan shekara goma sha shida sai na yanke wa kaina cewa wadda ba ta kallonka ai ba ta ganinka. A kan wannan tunani na ɗora duk shashancin da na yi a shekarar.

Baba tela ne. Shagonsa yana jikin zauren gidanmu a unguwar Kwararafa cikin Jos, da keken ɗinki biyu masu ƙafa, ɗaya nasa, ɗaya nawa in na taso daga makaranta. A shekarun nan da soja ke ta alkawarin mayar da mulki ga farar hula, rabin masu kawo mana ɗinki daga Anguwan Rukuba suke zuwa: matan zumunta na coci da ankonsu, mawaƙan coci, malaman makaranta masu son kwat. Suna son Baba don ba ya saɓa alkawari, abin da ko a lokacin ba kowane tela ake shaida da shi ba. Maganarsa kamar yankan almakashinsa take, sau ɗaya yake yi.

Ina ɗan shekara bakwai na ga inda wannan hali yake kaiwa. Baba yana da ƙane, Kawu, mai aikin haƙar kuza, mai barkwanci, wanda aljihunsa ba ya rabuwa da alewarmu. Giya ta kama shi. An yi faɗa, an yi nasiha, an sha rubutu, bai bari ba. Wata Juma'a da hantsi Baba ya fito da akwatinsa ya dire a ƙofar gida, ya ce a gaban mutane, "Wallahi duk wanda ya shigo mini gida da warin giya ya gama kwana a cikinsa, ko da ni na haife shi." Kawu ya ɗauki akwati ya bi motar kudu, ba mu ƙara ganinsa ba. Kaka, mahaifiyarsu, har ta rasu tana fito da bargonsa tana shanyawa duk ƙarshen damina. Kowa a gidan ya san rantsuwar nan tana nan daram, har da ni.

Asabar ce ranar kai ɗinki, don masu zuwa coci suna son kayansu kafin Lahadi. Da an yi azahar Baba zai ɗaure mini ƙunshi a bayan keken hawa ya ce, "Kai, kar ka tsaya ko'ina." Shi ma "kai" yake ce mini, amma tasa kunyar ba ta taɓa hana shi ja mini kunne ba.

Wata Asabar taya ta yi faci a Tina Junction. Masu facin wasu samari ne uku da suka girme ni, gashi tsaye, kowa da mataji soke a ciki. Da suka ji ni ɗan tela ne, babbansu ya ajiye famfon iska ya ce, "Oga, ka iya buɗe ƙafan wando?" Yayin lokacin ke nan, wando mai faɗin ƙafa wanda yake share titi kafin mai shi ya wuce. Na ce na iya. Na kwashi ragowar ƙyallaye a shago na saka musu a gefe, wando ya buɗe, suka sa suna yanga a bakin hanya har direbobi suna yi musu hon. Ladana shi ne suka ce sai sun kai ni in ga gari.

Garin da suka kai ni wani gida ne a lungun Anguwan Rukuba, mai shingen ƙerana, da manyan tukwane da bencina a ƙarƙashin mangwaro. Matar gidan tana ganina ta ce, "Ɗan tela, tafi gida. Babanka mutumin kirki ne." Ba ta taɓa zuba mini da hannunta ba, wannan shaida zan yi mata har gobe. Abokaina ne suke karɓa su zagayo da ƙwarya bayan mangwaron.

Na ce musu ni Musulmi ne. Babban ya ce, "Dawa ne fa, Oga Tela. Ba ka cin tuwon dawa a gidanku? To burukutu yayan tuwo ne."

Wannan fatawa ta mai faci ita na bi. Kurɓin farko na ji kamar kunun da aka manta a bayan ƙofa kwana uku. Na biyu ya sauka da ɗumi, sanyin Jos da ke shiga ƙashi ya sake ni. A na uku na gano ashe ni mai hikima ne, mutanen gidanmu ne ba su lura ba. Amma in zan faɗi gaskiya, ba ɗumin ne ya mayar da ni Asabar ta gaba ba. A ƙarƙashin mangwaron nan ana kiran sunana, ana tambayata ra'ayina a kan ƙwallo, in na ba da labari ana dariya. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ban san ina jin yunwarsa ba sai da na samu.

Su suka koya mini dabarun komawa gida: a tauna kanumfari, a bi da goro, a wanke fuska. Abin da ba su iya gyarawa ba shi ne halina. Wasu in sun sha faɗa suke yi, wasu kuka. Ni ladabi ne yake kama ni. Yaron da sai an yi da gaske yake cewa ina kwana, sai ga shi yana sauka daga keke tun daga bakin layi yana gaida kowa. Na durƙusa wa mai gawayi, na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa gaida wani tsoho sau uku a tafiya ɗaya, a na ukun ya ce, "Yaro, lafiyar dai ita ce ta ɗazu."

Kaka ce ta fara lura, ta kuma fassara abin yadda ya yi mata daɗi. Wata uku tana karɓo mini rubutu wurin wani malami don in yi hankali, ina zubarwa a gindin gwanda. Ranar da na durƙusa a ƙofarta na yi mata gaisuwa mai tsawo har da addu'a, sai ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, rubutu ya kama! Maigidana ya shiryu." Da ta ji ƙamshin kanumfari kuma ta ce kishiya nake nema mata, ta dinga tsokanata wai in kawo yarinyar ta gani ko ta kai ta kyau. Jan idona, ta ce iskar keke ce. Barcin da nake yi kafin magariba, ta ce girma ne yake shigata. Babu alamar da Kaka ba ta samar wa uzuri ba, har ta aika wa malamin da zakara.

Inna ba ta ce komai ba. Ni kuwa na ce ai dama.

Sai dai wasu abubuwa sun fara canzawa a gidan, waɗanda sai daga baya na haɗa su. Da tare muke cin tuwo da Baba a kwano ɗaya. Sai aka wayi gari ran Asabar Inna ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan kakarsa tana son abokin ci." Aka mayar da tuwona ɗakin Kaka, wadda garin taba ya daɗe da gamawa da hancinta, ba ta jin komai sai abu mai ƙarfi irin kanumfari. Rigar da na cire ran Asabar ba ta kwana a ƙusa, kafin in waiwaya tana cikin ruwan sabulu. Ina shiga ɗaki zan tarar da kofin ruwan tsamiya a rufe da faifai, babu wanda ya ce nawa ne. Ina shanyewa ina cewa na yi sa'a.

Sannan ta fara hira da ɗan akuya. Muna da wani baƙin ɗan akuya mai yawon gidajen mutane. Ina zaune ina goge takalmi, Inna tana tankaɗe, sai ta dube shi ta ce, "Kai dai ka ci gaba da bin dusa mai tsami a gidan mutane. Wanda ya riga ka bin ta, yau ina yake?" Wata rana ta ce masa, "Kana goge baki a jikin bango, kana tsammani ba a san inda ka je ba." Wata rana kuma murya ƙasa-ƙasa, "Mai gidan nan in ya ɗauki wuƙa ba ya mayarwa. Ka ji tausayin uwarka."

Wallahi tausayin akuyan nake ji. Har na taɓa ce wa ƙanwata a riƙa ɗaure shi, Inna ta sa masa ido. Yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina. An yi mini hannunka mai sanda har hannun ya gaji, ni ina kallon sandar.

Ba ta da wanda za ta gaya wa. In ta gaya wa Baba, akwatina ne a ƙofar gida. In ta gaya wa Kaka, kafin la'asar layi ya ji, ban da karya zuciyar tsohuwar da ta riga ta rasa ɗa ɗaya a wannan hanya. Ƙanwata kuwa shekararta tara, ba a aiken yaro da irin wannan magana. Ya rage daga ita sai ni, ni kuma ba ta yi mini magana.

Abu ya yi gaba. Ƙwarya ɗaya ta zama biyu. Tafiyar awa guda ta koma ta yini. Na fara ƙirƙiro kai ɗinki ran Laraba, ina ɗaure tsofaffin ƙyallaye a bayan keke. Karatu ya ja baya, na daina zuwa ƙwallo da abokaina na layi don na ga yara ne. Wata Laraba na dawo Baba ya miƙo mini allura ya ce in zura masa zare. Na ga kafar allurar ta zama biyu, na zaɓi ɗaya, ashe ba ita ba ce. Sau huɗu ina kuskurewa. Baba ya sauke tabarau ya dube ni, dubawar da ta fi ta kullum tsawo. Daidai nan sai muka ji Inna daga tsakar gida tana ce wa randa ta bushe, a ranar da na cika ta da safe. Na ajiye allura na ɗauki bokiti da gudu.

Abin da ya faru ran wata Asabar bayan haka, rabinsa a gabana aka yi, rabi ƙanwata ce ta ba ni labari. Na tafi da azahar kamar kullum. Bayan fitata Baba ya shigo cin abinci ya ce wa Inna an aiko daga wurin Uwar Zumunta, shugabar matan cocin da muke yi wa ɗinki, ana so ya je da kansa bayan la'asar ya auna sababbin mawaƙa, in keke bai dawo ba zai shiga mota. Gidan Uwar Zumunta kuwa gida uku ne tsakaninsa da mangwaron, kuma keken Baba yana jingine a jikin shingen, keken da ko a mafarki ya gani zai gane.

Ƙanwata ta ce Inna ta ajiye ludayi. Can ta ce, "Malam, ina so in je dubiya."

Baba ya ce, "Wa ba shi da lafiya?"

Ta ce, "Ɗan wata baiwar Allah ne. Ya daɗe yana fama, uwar ba ta faɗa ba."

Ya ce ta gaishe su, Allah ya sawwaƙe. Inna ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, har yau ina jinjina mata a kan wannan. Matar da ba ta fita sai suna ko gaisuwar mutuwa ta yafa gyale ta shiga motar haya ita kaɗai. Ta sauka ta nemi gidan Uwar Zumunta, wadda suka saba gaisawa in ta zo karɓar anko. Ita Uwar Zumunta ba ta shan komai sai kunu, kuma ta daɗe tana ganin keken nan tana cizon yatsa. Da ta ga Inna a ƙofarta ba ta tambayi dalili ba. Hausarta irin ta unguwar ce, mace da namiji duk "ka" ne. Ta ce, "Matan tela, ka zo da kanka? Na gode wa Allah. Mu je, yaronka yana can."

Ni a lokacin ina bayan mangwaro, ƙwarya ta biyu a hannu, ina bayyana wa jama'a yadda ya kamata a gyara ƙasar nan. Sai na ji muryar Uwar Zumunta daga ƙofar shinge, "Ɗan tela! Fito!" Na lafe a jikin itace. Abokaina suka ce ba ya nan, ya tafi tun ɗazu, kekensa ne ya bari.

Sai wata murya ta ce, "Kai."

Gidan a cike yake, Asabar ce: tsofaffin 'yan kuza, lebura, direbobi. Kai wajen ashirin suka juya. Na leƙa ta gefen itace na ga Inna tsaye a bakin shinge, ƙafarta ba ta ƙetare ba, ta ja gyale ta rufe hanci. Na koma na lafe, ina cewa a raina ba za ta shigo ba, ba kuma za ta iya kirana ba, in na yi shiru dole ta tafi.

Ta ce, "Wancan."

Kowa ya dubi na kusa da shi.

Ta ce, "Yaron nan."

Wani tsoho mai hular sanyi ya ɗaga ƙwaryarsa ya ce, "Hajiya, a nan dukanmu kai ne, dukanmu wancan ne. Wanne kake so? Faɗi sunanshi."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Daga nesa aka fara kiran sallar la'asar. Ina jin sa, na san ita ma tana jin sa, amma ni ban san abin da yake nufi a ranar ba.

Sai ta kira sunana.

Da farko ban gane nawa ba ne. Kowa gutsure shi yake yi, a makaranta, a layi, a ƙarƙashin mangwaro. Ita ta faɗe shi cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, a hankali. Gidan ya yi tsit, don ko waɗanda ba Hausawa ba a cikinsu sun zauna da mu sun san abin da suka ji. Tsohon mai hular sanyi ya ajiye ƙwaryarsa a ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna."

Ta juya ta kama hanya. Na jawo keke na bi ta. Uwar Zumunta ta nuna mana wata 'yar hanya ta bayan duwatsu wadda ba ta haɗuwa da titi, ta ce ita za ta koma ta tari tela. Muka yi ta tafiya, Inna a gaba, ni a baya. Maye ya sake ni tun a bakin shinge, abin da ya rage ciwon kai ne da kunya.

A wani wuri da babu mutane ta tsaya kusa da wani dutse ta juyo ta dube ni a ido. Ban taɓa sanin idonta yana da ɗan ja-ja irin nawa ba sai ranar.

Ta ce, "Shekara goma sha shida ina riƙe da sunan nan a bakina, ban bari ya taɓa ƙasa ba. Yau ka sa na ajiye shi a ƙofar gidan giya."

Na fara kuka, irin na ƙato, mai majina. Ta bar ni na yi. Sannan ta yi mini tambayar da ban zata ba. Ba ta ce wa ya koya maka ba, ba ta ce ba ka tsoron Allah ba. Ta ce, "Me kake samu a can?"

Na ce ɗumi. Ta ce akwai bargo a gida. Sannan na faɗi abin da ban san yana cikina ba. Na ce, "A can ana kula ni. A gida ni wancan ne. Ke ko kallona ba kya yi."

Sai ta ce, "Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla ka fara. Rigarka mai ruwan ƙasa ce a jikinka, ka shigo da ƙafar hagu, ka gaida turmi. Ni a barikin kuza na girma, uwata tana sayar da abinci, na san warin nan tun ban san na turare ba. Kanumfarinka na miyata ne, ina ƙara maka a gwangwani don kar ya ƙare babanka ya ji. Wa kake tsammani yake ajiye maka tsamiya? Akuya?"

Dariya ta kufce mini a cikin kukan. Ita ma bakinta ya motsa, ta yi maza ta gyara gyale.

Ta ce, "Na yi kuskure da na tsaya rufa maka asiri ina gaya wa dabba. Da tun ranar farko na tare ka. To yau na tare ka. Ba zan iya kallon akwati na biyu a ƙofar gidan nan ba. In abin ya taso maka, ka zo ka zauna inda nake, ba sai ka ce komai ba."

Muna isa gida ta koma Innar da na sani. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce wa wancan ya mayar wa babansa keke." Baba ya karɓa ya tafi awonsa, ya ma makara.

Ba zan ce daga ranar sha'awar ta mutu ba. Duk Asabar da azahar sai in ji maƙogwarona yana tuna mini hanya. Amma matan nan biyu sun riga sun ƙulla abinsu. In na kai ɗinki, gidan Uwar Zumunta ne zangon ƙarshe. Za ta zuba gwaten acha mai zafi a kwano ta ɗaure da ƙyalle ta ce, "Kai wa mamanka, kar ya huce." In na iso, Inna za ta ɗora tafin hannu a murfin. In da zafi sai ta dubi ɗan akuya ta ce, "Madalla, yau an dawo da wuri." Na yi wata biyu ina tuƙa keke kamar ana bina, ina wuce Tina Junction ina ɗaga wa masu faci hannu daga nesa. Laraba kuma in abin ya motsa sai in ɗauki kujera 'yar tsugunne in zauna kusa da murhu, tana tuƙa tuwo, ba ta kallona, amma sai ta turo mini ƙanzo da gefen muciya.

Sau ɗaya na ratse wurin mangwaron, gwaten ya iso da sanyi. Ta taɓa murfin, ba ta ce wa akuya komai ba, ba ta ce wa randa komai ba. Ta zauna da kwanon a cinya har aka kira magariba. Da duka ta sa aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Daga wannan ranar ban ƙara ba.

Baba bai taɓa ɗaga maganar ba. Sai bayan shekaru, idonsa ya yi rauni ni nake zura masa zare, ya ce mini wai akwai wata shekara da ɗinkina yake karkacewa, shi yake farkewa ya sake kafin in tashi daga barci. Na ce me ya sa bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Wanda ya yi rantsuwa ba ya yawan tambaya." Daga nan ya ce in miƙo masa almakashi.

Inna ta kai tsufa sosai. A ciwonta na ƙarshe ina zaune a bakin gadonta, furfura ta cika mini kai, 'yata ta fari tana yi mata fifita. Na ga ta ɗan sami sauƙi sai na ce bari in tsokane ta. Na ce, "Inna, sau ɗaya tak kika taɓa kiran sunana a duniya, shi ma a ƙofar gidan giya. Ki ƙara mini ɗaya mana a wuri mai tsarki."

Ta kawar da kai wajen bango kamar yadda ta saba. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta taɓa hannun jikarta ta ce, "Ki ce wa wancan, da na kira ai ya amsa."